Ƙosan Inna Hure

Shafi na 14

Salamu alaikum mutanen gidan nan. Masu cika min waya da "ina sauran, ina sauran", to ga shi, ku sarara min haka. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa Rahmatu 'yar birni ce mai iyayi, ki daure ki karanta na yau har ƙasa, sannan ki dawo ki maimaita in bakinki zai iya.

Ga waɗanda suka shigo jiya: Malam Abdulƙadir malamin firamare ne a Kano. Ya aro tsohuwar motar abokinsa, ya ɗauko matarsa Rahmatu da 'yarsu Zuliha mai shekara biyar zuwa ƙauyensu Kwarin Ɗinya, can bayan Dawakin Tofa, wai su yi Babbar Sallah su zarce da dogon hutu wajen mahaifiyarsa, Inna Hure. Yau kwana uku da Sallah. Mun rabu Zuliha ta fito daga ɗakin kakarta tana riƙe da ciki.

*

Kafin hantsi ya ɗaga sosai, Zuliha ta yi amai sau huɗu.

A na biyar babu abin da ya fito sai kumfa. Rahmatu tana durƙushe a tsakar gida cikin caɓin ruwan da aka yi da asuba, ta ɗora yarinyar a cinya. Gumi ya jiƙa Zuliha sharkaf, rigar Sallar da aka sha wuya kafin a ɗinka duk ta ɓaci.

"Zuliha, kalle ni. Me kika ci?"

Yarinyar ta buɗe baki, yawu kawai ya dalalo.

"Baban Zuliha! Don girman Allah ka ajiye wayar nan ka fito!"

Abdulƙadir ya fito ko takalmi babu. Tun safe yake zaune yana tura wa abokan aikinsa hotunan da suka ɗauka a bakin gona, wai hutu a gida ya fi daɗi. Yana ganin idon 'yarsa wayar ta suɓuce masa cikin taɓo, bai ko waiwaye ta ba.

"Innalillahi! Me ya same ta?"

"Abin da nake tambaya ke nan. Lafiya lau ta tashi. Inna ta kira ta ɗaki, ta jima, ta fito tana cewa cikinta."

Sai ga Inna Hure da kaskon garwashi, ta barbaɗa habbatussauda, hayaƙi ya turnuƙe.

"Baki ne," in ji ta, ba ta kalli kowa ba. "Tun ranar Idi na faɗa maka, Auta. Kun caɓa wa yarinya ado kun bi gida-gida da ita, a shekarar da mutane ko kan akuya ba su gani ba. Matsa in turara ta."

Auta take kiran Abdulƙadir, don shi ne na ƙarshe a ɗakinta.

Rahmatu ba ta matsa ba.

"Inna, me ta ci a ɗakinki?"

"Kunu."

"Kunu kaɗai?"

"Na ce miki kunu."

Shekara shida da aure, Rahmatu ba ta taɓa haɗa ido da surukarta ba. In za ta gaishe ta, tun daga bakin ƙofa take zubewa. Yau ta kamo hannun Zuliha ta shinshina, ta duba 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗago ta kalli tsohuwar cikin ido.

"Inna, kunu ba ya maiƙo."

"Rahmatu!" Abdulƙadir ya daka mata tsawa. "Mahaifiyata ce fa kike wa magana haka."

"Ni kuma 'yata ce ke neman mutuwa a hannuna!"

Ni dai a nan raina ya ɓaci da Abdulƙadir, ba zan ɓoye muku ba. 'Yarka tana kumfa, kai kana gyara wa matarka lafazi.

Inna Hure ta juya musu baya tana hura garwashin. Toka na zuba a ƙafarta, ba ta ma ji zafin ba.

Ana cikin haka Iliyasu, yayan Abdulƙadir, ya faɗo gidan ko sallama babu. Shi ne manomin gidan, shi ya riƙe gonar tun rasuwar mahaifinsu. Fartanya a kafaɗa, wata 'yar jarka rawaya a hannu, idonsa jajir.

"Wa ya taɓa min iri?"

Kowa ya bi jarkar da kallo.

"Tambaya nake! Ƙasa ta sha ruwa, gero ya kai gwiwa, yau zan zuba wake a tsakani. Na zo na ɗauki jarkar a ƙarƙashin gadon Inna, sai a bakin gona na lura. Ku duba!" Ya ɗaga jarkar sama. "Da gawayi na ja layi daidai inda waken ya tsaya. Yanzu ya sauka yatsa uku. Na tambayi matata Fanta, ta rantse ko ita ko 'ya'yanta ba su shiga ɗakin ba. To aljani ne?"

"Yaya, ka bar maganar wake," in ji Abdulƙadir. "Zuliha ce ba lafiya."

Sai a lokacin Iliyasu ya ga yarinyar. Ya ga kumfar. Ya ga yadda ƙafarta ke fizga. Ya dubi jarkar hannunsa, ya sake duban yarinyar, fartanyar ta zame daga kafaɗarsa ta faɗi.

"Waken nan na cakuɗa shi da magani," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Jan garin nan da ake sa wa iri don kada ƙwari su cinye shi a ƙasa. Ko kaza ta tsinci ƙwaya biyar ba ta kai yamma."

Ya juya a hankali.

"Inna. Miƙo hannunki in gani."

"Kai, tafi can. Ni za ka yi wa binciken hannu?"

"Inna, don Allah."

"Lalle ne. Na Sallah."

Iliyasu ya durƙusa a gabanta, ya kamo hannun da kansa. Ja ne ya maƙale a ƙarƙashin farcenta da tsakanin yatsu, irin jan da duk manomi ya sani.

"Wannan ba lalle ba ne."

Tsohuwar ta fizge hannunta. Sai kawai ta zauna daɓas a cikin caɓin.

"Na wanke shi," ta ce.

"Inna!"

"Wallahi na wanke shi! Sau bakwai! Na jiƙa, na surfe, na cire ɓawon tas, ko ɗaya ban bari ba. Ai a ɓawon maganin yake. Sai da ruwan ya fito fari ƙal. Ban kai inji ba don kada a gani, a dutse na niƙa da hannuna. Na narka ɗan kitsen da maƙwabta suka aiko mana na soya."

"Ƙosai," in ji Rahmatu, kamar mai magana cikin barci. "Ƙosai kika ba ta."

"Ni na fara ci! Na ci ɗaya, na zauna na jira har rana ta fito, ban ji komai ba. Sannan na kira ta."

"Nawa ta ci?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai.

"Inna, nawa ta ci?"

"Duka. Tana ci tana dariya. Ta ce ya fi na Kano daɗi."

Rahmatu ta ƙwalla ƙarar da sai da tantabarun gidan suka tashi.

Iliyasu ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya ruga zaure ya zaro ledar maganin daga inda ya soke ta a jinka, don likita ya ga ko wane iri ne.

"Auta, tada mota! Ɗan asibitin nan namu ba zai iya wannan ba, Dawaki za mu!"

Sau uku motar tana tari kafin ta tashi. Iliyasu ya shiga gaba. Rahmatu ta shiga baya da Zuliha a ƙirji. Ana shirin rufe ƙofa Inna Hure ta cuso kai, ba mayafi, zaninta duk taɓo. Ba wanda ya ce ta shigo, ba wanda ya ce ta fita.

Hanyar da suka shigo ta kwana huɗu da suka wuce suna waƙa, Zuliha na leƙe ta taga tana ƙirga jakuna, ita ce yau ta zama laka tsantsa. Gero kore shar dama da hagu, gona na manne da gona. Kowa ya fito shuka, mutane na ɗagowa suna ɗaga wa motar hannu, su a tunaninsu 'yan birni ne za su yawon Sallah.

Abdulƙadir na tuƙi yana kuka.

"Me ya sa, Inna? Me ya sa iri? Ga rumbu can cike! In wake take so a ɗebi gero a kai kasuwa a musanyo. Me ya kai ki ga mai magani?"

Iliyasu ya yi wata dariya mara daɗin ji.

"Rumbu."

"Kai, rufe bakinka," in ji Inna daga baya.

"Ba zan rufe ba, Inna. Rufe bakin ne ya kawo mu nan." Ya juyo ga ƙaninsa. "Ka leƙa rumbun da ka zo?"

"A rufe yake, an shafe bakinsa da laka."

"Ni na shafe shi. Don kada maƙwabta su gane. Tun tsakiyar azumi ko zangarniya ɗaya babu a ciki, sai ɓeraye, su ma sun gaji sun tafi."

Motar ta yi wani tangaɗi, Abdulƙadir ya riƙe sitiyari da kyar.

"Amma kullum na kira, Inna cewa take..."

"Alhamdulillahi, ko? Sau ɗaya muke ci a rana, Auta. Rama da ƙuli-ƙuli. Wani lokacin ramar kaɗai. Tuwon da kuke ci tun da kuka zo, akuyar Inna ce ta ƙarshe, ita aka kai kasuwa aka auno dawa ranar da ka ce kuna tafe. Ka lura 'ya'yana ba sa shigowa lokacin cin abinci? Fanta ke kulle su a ɗaki don kada su tsaya muku a ka suna kallon loma."

"Ya isa," in ji Inna.

"Jiya kuma 'yarka ta ture tuwon, ta ce ita ba ta cin miyar kuka ba nama. Ta kwanta da yunwa tana kuka, tana cewa a mai da ita Kano a saya mata ƙosai. Duk gidan nan an ji ta."

"Na ji ta," in ji Inna Hure, hawaye na bin tamojin fuskarta. "Jikata ta zo gidana Sallah, sau ɗaya a shekara, ta kwana da yunwa? In ta koma ta ce me? Gidan kakarta ba abinci? In dangin uwarta su ji su ce me?"

"Da sun ce, Inna!" Rahmatu ta faɗa cikin kuka. "Da sun ce duk abin da za su ce!"

Zuliha ta sake miƙewa, jikinta ya sandare, haƙoranta suka datse. Rahmatu ta ƙanƙame ta tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, rabi daidai rabi a juye.

Iliyasu bai gama hucewa ba. Irin mutanen nan ne da in tsoro ya kama su sai ya fito musu a faɗa.

"Kai kuma ka zo mana hutu. Hutu! Da motar aro da burodi guda biyu. Kana ɗaukar hoto a gonar da ban san me zan ci ba kafin ta nuna. Kana da albashi, kana birni, ko tiya ɗaya ta shinkafa ba ka iya riƙo wa tsohuwar nan ba?"

"Yaya..."

"Ka ce wata biyu matarka da 'yarka za su yi. Wata biyu! Da me za mu ciyar da su? Ka tambaya?"

"Yaya, ba hutu muka zo ba."



"Baban Zuliha, ka yi shiru," in ji Rahmatu.

"Bari in faɗa. Yunwa ce ta koro mu." Ya share fuska da hannun riga. "Albashin ba ya kai mu sati biyu. Kafin mu taho kwana tara muna shan gari da ruwa, Rahmatu tana ɗora tukunyar ruwa zalla a wuta don 'yan haya su ga hayaƙi. Keken ɗinkinta muka sayar aka yi wa Zuliha rigar nan aka zuba mai a mota. Na ce in kawo su gida su ci su ƙoshi, tunda Inna ta ce rumbu cike yake. Har buhu biyu na ninke na ɓoye a bayan motar nan, wai in zan koma ka auna min gero."

Iliyasu ya juyar da kai yana kallon gonaki.

"Da ka faɗa," ya ce can.

"Kai ma da ka faɗa."

Jama'a, ni wannan abin ne ke ci min rai har yanzu da nake rubutawa. Uwa ɗaya uba ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa cikinsa, kowa na tsammanin ɗayan ne mai ƙoshi. Ana kiran abin rufin asiri, ana yabon mai yinsa. Ga shi nan an rufa, yarinya 'yar shekara biyar ce a ƙarƙashi.

Inna Hure ta matso a hankali, ta miƙa hannu za ta goge wa Zuliha kumfar baki da gefen zaninta.

Rahmatu ta janye yarinyar.

"Kar ki taɓa min ita."

"Rahmatu, 'yar nan..."

"Da hannun nan? Kar ki taɓa ta, Inna. Na roƙe ki."

Wannan karon Abdulƙadir bai ce mahaifiyarsa ce ba. Tsohuwar ta mai da hannunta, ta cusa shi a tsakanin cinyoyinta, ta takure a jikin ƙofa. Tausayinta ya kama ni, duk da haushinta da nake ji.

Suka gangaro kwarin da ya raba ƙauyen da titin kwalta. Ranar da suka zo yashi ne fari, har Zuliha ta sa aka tsaya ta yi gudu a kai. Yau ruwa ne ja yake wucewa da ƙarfi, yana jan karan dawa da rassan ƙaya. Can tsallake ana hango kwalta, ana hango masu babura a gindin bishiya.

Abdulƙadir ya taka burki.

"Ba za ta wuce ba."

"Za ta wuce," in ji Iliyasu, yana naɗe wando. "Na san inda dutse yake. Zan shiga gaba, ka bi bayana daidai, kar ka kauce ko taku ɗaya. Kar kuma ka ɗaga ƙafa daga mai, in ta mutu a tsakiya mun shiga uku."

Ya fita ya faɗa ruwan. Ya kai masa gwiwa, ya kai masa cinya. Ya juyo yana yafito su da hannu.

Motar ta shiga. Ruwa ya fara tsiyayowa ta ƙasan ƙofa, ya jiƙa musu ƙafafu. Injin na gurnani, Abdulƙadir na ta "Ya Hayyu ya Ƙayyumu", idonsa a kan bayan yayansa.

"Saura kaɗan! Rahmatu, saura kaɗan, ga kwalta can! Ki ce mata ta daure!"

Rahmatu ta sunkuya tana duban yarinyar.

Tun da suka baro gida hannun Zuliha na damƙe da bakin hijabinta, ta riƙe shi tamau har yana shaƙe ta. Yanzu ta ji hijabin ya saki. Fizgar ta tsaya. Jikin da ke sandare ya yi laushi, kan ya langaɓe a kafaɗarta.

"Zuliha."

Shiru.

"Zuliha, Umma ce. Mun kusa. Zuliha."

Ta kai hannu za ta ɗora a ƙirjin yarinyar, hannun ya tsaya a iska. Ta sake gwadawa, ta kasa. Tsoro ne ya riƙe ta, tsoron abin da za ta ji da abin da ba za ta ji ba.

Ta juya ga tsohuwar da ke takure a jikin ƙofa.

"Inna," ta ce, muryarta kamar ta ƙaramar yarinya. "Inna, taɓa min ita. Ni na kasa."

Inna Hure ta zaro hannunta. A Kwarin Ɗinya duk macen da za ta haihu ita ake kira, duk wadda ta cika ita ake kira. Ba ta taɓa yin kuskure a wannan aikin ba. Ta ɗora jan hannun nan a ƙirjin jikarta, ta sunkuya ta kara kunci a hancinta.

Ta daɗe a haka.

Tayoyin gaba suka kama tudu. Iliyasu na tsallake yana ihu yana kiran masu babura.

"Mun fita! Inna, mun fita! Rahmatu, yaya take?" Abdulƙadir na faɗa yana neman su a madubi. "Ku yi magana mana!"

Inna Hure ta ɗago kai.

"Auta," ta ce. "Kashe motar."